INABIN TUDU: ABIN DA SHEKARU SUKE YI WA MAI BI

Karatu: Ishaya 5:1-7; Irmiya 48:11-12; Joshuwa 14:6-14; Yahaya 15:1-8

Gabatarwa

A kusan kowace tsohuwar ikilisiya akan sami mutum biyu waɗanda aka yi musu baftisma rana ɗaya, a rafi ɗaya, ta hannun fasto ɗaya. Wa'azi ɗaya suka yi ta ji, a kan benci ɗaya suka zauna, tare kuma furfura ta fito musu. Amma bayan shekara 40, ɗaya ya zama mutumin da ake neman ƙofarsa in aure ya rikice ko gado ya kawo faɗa, ɗayan kuwa ya zama wanda matasa suke sake hanya in sun hango shi. Shekarunsu cikin bi daidai suke, abin da shekarun suka yi musu ne ya bambanta. Me ya kawo haka?

Littafi Mai Tsarki ya amsa wannan tambaya da misalin da manomi zai gane, wato misalin kurangar inabi da aka dasa a kan tudu, da ruwan da ake matsewa daga 'ya'yanta a ajiye shekara da shekaru. Annabawa sun san wannan sana'a ciki da waje, gama a ƙasar tuddai suka tashi. A Kujama ba a saba da gonar inabi ba. Ko da yake manoman Kudan, kusa da Zariya, suna noman inabi na ci har ana kai shi kasuwannin ƙasar nan, yawancin masu bi na wannan yanki a tiren 'yan talla kawai suke ganinsa. Don haka wajibi ne a fara bayyana yadda abin yake, sa'an nan a ji abin da Ubangiji yake faɗa ta wurinsa.

Kafin a ci gaba, sai a kawar da wata fahimta. Wannan koyarwa ba izinin sha ba ce. Karin Magana 20:1 da 23:29-35 da Afisawa 5:18 sun yi kashedi mai ƙarfi a kan buguwa, kowa kuma ya san gidajen da burkutu da giyar kwalba suka rushe, da kuɗin makarantar yara da suka ƙare a mashaya. Tun 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya sami hanyar dafa ruwan inabi don kada ya zama abin maye, domin a yi Jibin Ubangiji da shi, yawancin ikilisiyoyin bishara kuma a kan haka suke har yau. Annabi Ishaya da ya yi zancen gonar inabi a sura 5, a cikin wannan surar ce ya yi kaito ga masu sammakon neman abin sha. Darasin itacen ake nema a nan, da na haƙurin mai gonar.

1. Dalilin da ya sa ake dasa shi a kan tudu

Ishaya ya fara da bayyana inda mai gonar ya zaɓa: gefen tudu. Ya kafce wurin, ya tsince duwatsu, ya dasa iri mafi kyau, ya gina hasumiyar tsaro, ya sassaƙa wurin matsewa a cikin dutse. Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana shi zuwa fadama, inda ƙasa take da laushi, ruwa kuma yake kusa?

Masu wannan noma sun daɗe da sanin amsar. Kurangar da ta sami ruwa da taki fiye da kima, ganye take yi. Takan yi rassa masu yawa da manyan 'ya'ya cike da ruwa, masu kyan gani, amma ɗanɗanonsu salaf. Ta kan tudu kuwa, ƙasarta tsakuwa ce wadda ba ta riƙe ruwa, sai dole saiwarta ta bi tsagar dutse ta nutsa ƙasa neman laima. 'Ya'yanta kaɗan ne, ƙanana kuma, amma duk ƙarfin itacen a cikinsu yake taruwa.

Akwai kuma batun sanyi da rana. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6. Wanda ya taɓa tashi daga Kafanchan ya hau zuwa Jos ya ji wannan a jikinsa. A kan tudu rana tana dukan 'ya'yan inabi da ƙarfi, sai su yi ɓawo mai kauri don kare kansu. Da dare kuma sanyi yakan sauko ya rage saurin nunarsu, sai tsamin da ke cikinsu ya zauna, bai ƙone ba. Inabin kwari yakan riga nuna, na tudu yakan ɗauki lokacinsa.

Shi ya sa ƙasashen da suka shahara da wannan noma suke wahalar da kansu da hawan dutse. A kwarin kogin Duro na ƙasar Fotugal, an gina katangun duwatsu hawa-hawa da hannu a jikin tsaunuka don a sami wurin dasawa. A lardin Salta na ƙasar Ajantina akwai gonakin inabi da suka haura mita 3,000 bisa teku. Gonakin Bika na ƙasar Lebanon suna wajen mita 900 zuwa 1,000, tun zamanin annabi Yusha'u kuwa ana yabon abin da ke fitowa daga Lebanon (Yusha'u 14:7). Hebron, wadda a kusa da ita 'yan leƙen asirin ƙasa suka yanko nonon inabin da sai da mutum biyu suka ɗauka a sanda (Littafin Ƙidaya 13:23), ta fi mita 900, har yanzu kuma da inabi aka san ta. Irmiya 31:5 da Amos 9:13, da suka yi alkawarin komowar jama'a, a kan duwatsu suka ga gonakin inabin.

Darasi na fari ke nan. Mai gonar da ya dasa kurangarsa a kan tsakuwa ya san abin da yake yi, gama 'ya'ya yake nema, ganye kuwa ba ya cika tulu. Akwai koyarwar da ta yi yawa a zamanin nan, mai cewa duk wanda Allah yake ƙauna a fadama yake ajiye shi: ba ciwo, ba rashi, ba jira. Masu wannan koyarwa ba su lura da Yahaya 15:2 ba, inda Yesu ya nuna cewa reshen da yake ba da 'ya'ya shi ne manomi yake datsewa don ya ƙara bayarwa. Ba su kuma lura da Romawa 5:3-4 ba, inda Bulus ya jera tsanani, da jimiri, da gwajajjen hali, da sa zuciya, kowane yana haifar na gaba da shi.

2. Abin da yake sa ya jure ajiya

Ruwan da aka matse daga inabin tudu ba ya da daɗin sha sa'ad da yake sabo. Yana da tsami, yana kuma da bauri mai kama harshe, irin wanda ake ji in an tauna ɗanyen goro. Daga kaurin ɓawon nan da ƙwayar ciki baurin yake fitowa. Dangin abin nan ne da ke cikin bagaruwa, wanda majema suke jiƙa fata da shi. Fatar da ba a jeme ba, kwana kaɗan take yi ta ruɓe, wadda ta sha bagaruwa kuwa takan zama jaka ko sirdi, jika ya gāda daga kakansa. Haka baurin nan da tsamin nan suke tsare ruwan inabi daga lalacewa. Da tafiyar shekaru baurin yakan yi laushi, kaifin ya kwanta, ƙanshin da ba a ji da fari ba ya fito. Wanda aka yi da inabin da ya nuna da sauri yana da daɗi tun ranar fari, amma ba shi da abin da zai riƙe shi, sai ya yi lami tun ba a je ko'ina ba.

Mutanen dā sun san darajar wanda ya daɗe. A 1910 masu tonon kayan tarihi sun sami ɓaraguzan tukwane a Samariya, masu rubutu na ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, inda ma'aikatan fada suka rubuta tulunan tsohon ruwan inabi da na mai da aka kawo daga ƙauyuka. A Gibeyon kuma, arewa da Urushalima, tonon da James Pritchard ya shugabanta daga 1956 zuwa 1962 ya buɗe ramuka 63 da aka sassaƙa cikin dutse, inda ake jera tuluna. Ko da rani ko da damina, sanyin cikinsu yana tsayawa wajen digiri 18. Wurin duhu ne, shiru, ba mai gani. A irin wannan wuri ne abin yake gyaruwa.

Shari'ar Musa ma ta koya wa manomi jira. Bisa ga Littafin Firistoci 19:23-25, wanda ya dasa itace mai 'ya'ya ba zai ci daga cikinsa ba shekara 3, 'ya'yan shekara ta 4 na Ubangiji ne, sai a ta 5 mai gona zai ɗanɗana. Wannan ka'ida ce Bulus ya kawo cikin sha'anin ikilisiya sa'ad da ya hana a naɗa sabon tuba shugaba, don kada girman kai ya kāshe shi (1 Timoti 3:6). Musa ya yi shekara 40 yana kiwo a Madayana. Yusufu ya yi shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku. Ubangiji Yesu kansa ya yi kimanin shekara 30 a Nazarat kafin ya fara hidima a fili.

A nan ikilisiya take yawan yin kuskure iri biyu. Na ɗaya, takan ɗauki mai zaƙin baki, ko mai kuɗin da ya tuba jiya, ta ɗora shi a kujerar dattawa domin ya yi alkawarin rufin kwano. Na biyu, takan kori saurayin da yake da bauri, wanda yake tambayar inda kuɗin baiko suka shiga, wanda ba ya iya yin shiru in ya ga an danne gwauruwa. Gaskiya ne maganarsa tana kama harshe, sau da yawa kuma ba ya sanin lokacin yinta. Amma wannan baurin, in ya sami dattijon da zai riƙe shi da haƙuri, shi ne zai zama amincin da ikilisiya za ta jingina a kai nan da shekara 30. Yahaya ɗan Zabadi, wanda ya so a sauko da wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa (Luka 9:54), shi ne a tsufansa ya zama manzon ƙauna. Kishinsa bai mutu ba, laushi ya yi.

3. Shekaru kaɗai ba su gyara kome

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, amma sai in tun fari zuma ce, an kuma rufe ta da kyau. Masu sana'ar inabi sun san cewa mafi yawan abin da ake matsewa a duniya ba ya ƙaruwa da kome don an ajiye shi, raguwa ma yake yi. Ko mai kyan ma, in murfin tulu ya tsage iska ta shiga, yakan juye ya zama ruwan tsami. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna a shekarun 1860 cewa waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke wannan aiki in sun sami iska. Ba a dare ɗaya abin yake faruwa ba. Daga waje tulun yana nan yadda yake, sai ran da aka buɗe.

Sarki Uzziya misali ne mai ban tsoro. Ya hau gadon sarautar Yahuza yana da shekara 16, ya yi mulki shekara 52. Mutum ne mai son noma, 2 Tarihi 26:10 ta nuna yana da masu kula da gonakin inabi a kan tuddai. Ya san duk abin da aka bayyana a sama. Ya nemi Allah a ƙuruciyarsa, Allah kuwa ya arzuta shi. Amma da ya yi ƙarfi sai girman kai ya sami tsaga ya shiga. Ya kutsa Haikali don ya ƙona turare, aikin da ba nasa ba. Firist Azariya da firistoci 80 suka tsaya masa, maimakon ya saurara sai ya husata, kuturta ta fito masa a goshi nan take. A keɓe ya ƙare kwanakinsa. Mutumin da ya iya tsare tulunan gonarsa bai tsare zuciyarsa ba.

Tsagar da iska take bi ta shiga zuciyar mai bi ba ta da yawan girma. Wani, zaɓen dattawa ne aka yi ba a zaɓe shi ba, ya riƙe abin shekara 15. Wata, magana ce aka faɗa mata a taron zumuntar mata, ta ce ta yafe amma ba ta ƙara zama kusa da mai maganar ba. Wani kuma iyakar gona ce tsakaninsa da ɗan'uwansa. Suna zuwa sujada, suna ba da zakka, suna cin Jibin Ubangiji, amma duk wanda ya matso kusa yakan ji tsami. Ibraniyawa 12:15 ta yi kashedi a kan saiwar ɗaci, ta kuma nuna cewa ba mai ita kaɗai take ɓatawa ba, takan ƙazantar da mutane da yawa.

Akwai lalacewa ta biyu, wadda Irmiya 48:11 ta kwatanta da ƙasar Mowab. In an matse inabi aka zuba a tulu, laka takan kwanta a gindi. Zama kaɗan a kan lakar yana da amfani, amma mai sana'a yakan juye ruwan a hankali daga wannan tulu zuwa wancan, ya bar lakar a baya. In ya bar shi a kanta fiye da kima, sai ya ɗauki wari. Mowab ta zauna cikin jin daɗi tun ƙuruciyarta, ba a taɓa juye ta ba, don haka halinta bai sake ba. Zafaniya 1:12 ta yi wannan zargi a kan mutanen Urushalima waɗanda suka daskare, suna cewa a ransu Ubangiji ba zai yi kome ba. Mai bi da ya ce shi ya gama koyo, wanda ba mai iya yi masa gyara, wanda amsarsa ga kowace shawara ita ce haka aka saba yi tun zamanin Turawan mishan, ya zauna a kan lakarsa ke nan. Canjin wurin aiki, da ritaya, da ciwo, da miƙa ragama ga na baya, duk juyi ne daga tulu zuwa tulu. Ba su da daɗi, amma da su ake rabuwa da laka.

Sai a lura da Luka 5:37-39. Yesu ya ambaci yadda wanda ya saba da tsohon ruwan inabi ba ya marmarin sabo. Waɗansu sukan ɗauki wannan aya su kare duk abin da ya tsufa. Amma da masu gunaguni a kan almajiransa yake magana, waɗanda sabo da tsohuwar hanya ya hana su karɓar sabon abin da Allah yake yi. Tsohuwar salka ta bushe, ba ta iya miƙewa, shi ya sa take fashewa. Tsufan da Allah yake yabo shi ne na Saminu da Hannatu (Luka 2:25-38), waɗanda bayan dogon jira suka gane Mai Ceto a jikin jariri ɗan kwana 40.

4. Ikilisiyar da aka dasa a kan dutse

Wanda ya san tarihin bishara a kudancin Kaduna ya san ba a fadama aka dasa ta ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, cikin ƙasar da take jihar Kaduna a yau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida ba tare da ko mutum ɗaya ya tuba ba. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, aikin ya iso Kwoi a 1910, Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. A 1954, a Kagoro, a gindin dutsen da kakanni suka fake a kansa a zamanin hare-hare, aka kafa ECWA. Shekara 61 ke nan daga saukar samarin nan uku. Baptis da Anglika da Katolika da sauran ikilisiyoyi kowace tana da irin nata labarin jira, da na masu bishara 'yan ƙasa da suka yi ta tafiya a ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye, waɗanda ba a rubuta sunayen yawancinsu ba.

Rana kuma ta doki wannan kuranga. An ga rikicin Kafanchan a 1987, na Zangon Kataf a 1992, na Kaduna a 2000, da na bayan zaɓe a 2011. A daren 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke Damishi, a nan ƙasar Kujama, suka tafi da ɗalibai 121. Kashi-kashi aka riƙa sako su, iyaye suna zaman jira da kuka da addu'a, na ƙarshensu kuwa sai a 2023 ya dawo gida. A shekarar nan ta 2023 kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, ta cinye abin da iyalai da yawa suke biyan kuɗin makaranta da shi.

Ba mai cewa waɗannan abubuwa alheri ne. Mugunta ce a sace yaro, Allah kuma zai shara'anta masu yinta. Neman adalci wurin hukuma da tsare rai da iyali hakki ne. Amma ga inda haɗarin yake: wahala ba ta gyara mutum da kanta, kamar yadda shekaru ba su gyara shi da kansu. Gonar da ke cikin Ishaya 5 a kan tudu take, ta sami dukan kulawa, duk da haka 'ya'ya masu tsami ta ba da. Annabin ya fassara su a aya 7: Ubangiji ya nemi adalci ya tarar da zub da jini, ya nemi gaskiya ya ji kukan waɗanda aka zalunta. Jama'ar da ta sha wuya tana iya fitowa da tausayi mai zurfi, tana kuma iya fitowa da ƙiyayyar da za ta gadar wa 'ya'yanta. In yaro ya tashi a gidan masu bi yana jin ana la'antar kabila sukutum saboda laifin waɗansu, iska ta riga ta shiga tulun. Maƙwabta Musulmi da Fulani da yawa su ma an sace nasu, an kashe nasu, an kore musu shanu. Mai bi da wahalarsa ta sa ya kasa ganin hawayen maƙwabcinsa, abin da 'yan bindiga suka ƙwace masa ya fi kuɗin fansa.

5. Kalibu: tsufan da ya yi kyau

Kalibu yana cikin waɗanda suka ga inabin Eshkol. Yana da shekara 40 a lokacin. Shi da Joshuwa kaɗai suka ce a shiga ƙasar, jama'a suka tasar wa jifansu. Saboda rashin bangaskiyar waɗansu ya yi shekaru yana yawo a jeji, yana binne tsararsa ɗaya bayan ɗaya. In akwai wanda yake da dalilin yin ɗaci, shi ne. Aka kuma ba Joshuwa shugabanci, ba shi ba, ba a kuwa taɓa jin ya yi gunaguni ba. Da ya kai shekara 85 ya zo gaban Joshuwa, bai kawo ƙarar kowa ba, bai nemi kwari mai sauƙin noma ba. Ƙasar tuddai ta Hebron ya roƙa, inda ƙattin mutane da birane masu garu suke. Sau da sau Nassi ya ba da dalili ɗaya: ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya. Tulunsa a rufe yake, shekara 45 ba abin da ya shiga. Da 'yarsa Aksa ta roƙe shi maɓuɓɓugar ruwa, ya ba ta ta tudu da ta kwari (Joshuwa 15:19). Tsoho ne mai ƙarfin hali a gaban maƙiyi, mai sakin hannu a cikin gida.

Daga wannan, ga abin da ya rataya a wuyan kowa.

Matasa su yarda da jira. Saurayin da yake ganin an manta da shi a ajin Lahadi na yara, ko a wata ƙaramar ikilisiya a bayan Kujama inda babur ma da ƙyar yake shiga da damina, ya tuna da ramukan Gibeyon. Karatun Littafi kowace safiya, da addu'ar da ba mai gani, da riƙon amanar naira 500, su ne saiwar da take nutsawa cikin dutse.

Dattawa, maza da mata, su binciki murfinsu. Kowa ya tambayi kansa ko akwai sunan da in an ambata ransa yakan ɓaci. In akwai, kada ya jira wata Jibin Ubangiji ta wuce, ya tashi ya je. Su kuma yarda a juye su. Titus 2:2-5 ta ba tsofaffi aikin koyar da na baya, ba wanda zai koyi abu wurin mutumin da yake tsoron kusantarsa.

Ikilisiya kuma ta daina auna gonarta da ganye. Yawan jama'a da girman gini da ƙarar kayan kiɗa ba su ne mai gonar zai nema ba. 'Ya'yan da zai nema an jera su a Galatiyawa 5:22-23, ba kuwa ko ɗaya a cikinsu da yake nuna a damina guda.

Kammalawa

Ba reshen da ya taɓa yin 'ya'ya don ƙoƙarin kansa. A Yahaya 15 Yesu ya bayyana kansa a matsayin kurangar gaskiya, abu ɗaya kuma ya nema ga rassan: su zauna a cikinsa. Shi ne aka matse a kan tudun Kalfari, aka miƙa masa ruwan tsami ya sha, duk da haka gafara ce ta fito daga bakinsa. Saboda haka akwai bege ga wanda ya riga ya yi tsami. A hannun mutum, ruwan inabin da ya juye ba ya komowa. Amma wanda ya mai da ruwan randa ya zama mafi kyan abin sha a bikin Kana ba ya rasa ikon sabunta zuciyar tsoho mai shekara 70, in ya tuba.

Ishaya, wanda ya yi makokin gonar da ta lalace, shi ne kuma ya hango wani biki a sura 25:6-8. A kan dutse za a yi shi, dukan al'ummai ne aka gayyata, abin da za a kawo kuwa shi ne wanda ya daɗe a ajiye aka kuma tace shi sarai. A can ne za a haɗiye mutuwa, a share hawaye daga kowace fuska. Ubangiji ya tsare jama'arsa na Kujama da Kafanchan da dukan kudancin Kaduna, yaro da babba, ya sa su kai wannan rana ba tare da ɗaci ba. Amin.